Tsagar da Ke Ƙarƙashin Tekun Accra da Ɗalibin Jisonayili

Tsakanin Jisonayili, a gundumar Sagnarigu ta Tamale, da bakin teku a Accra akwai tafiyar kimanin kilomita 600 a mota. Saboda wannan nisa, darasin ƙasan teku da tsagogin da ke cikinsa yakan zo wa ɗalibin arewacin Ghana tamkar labarin wasu mutane: a haddace shi domin jarrabawa, a zuba shi a takarda, a manta. Wannan ɗauka kuskure ce mai tsada. Abin da ke kwance ƙarƙashin ruwan Accra ya shafi gidajen Jisonayili kai tsaye, ko da mazaunansu ba su taɓa ganin igiyar ruwa ba, kuma ya cancanci a bayyana shi da harshen da mutane ke ciniki da hira a cikinsa.

Kafin a kai ga hujja, ya kamata a san abin da ake magana a kai. Ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan faifai na dutse, waɗanda ke motsi a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara. Tsaga kuwa ita ce karayar da ke cikin dutse inda ɓangare ɗaya ya taɓa zamewa ya bar ɗan'uwansa. Ɓangarorin sukan maƙale shekaru aru-aru, matsi yana taruwa, har ranar da dutsen ya gaza ɗauka ya zame a cikin daƙiƙa kaɗan. Wannan zamewa ita ce girgizar ƙasa.

Shekaru fiye da miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Kudancin Amurka a haɗe suke, kuma inda gaɓar Ghana take a yau yana manne da arewa maso gabashin Birazil. Da tekun Atilantika ya fara buɗewa, a yawancin wurare nahiyoyin biyu sun ja da baya ne daga juna, kamar a tsaga ƙwarya a raba. A gefen Ghana da Kwaddibuwa abin ya sha bamban: sun zame ne gefe da gefe, ɗaya yana gogar ɗaya, kamar mutum biyu da suka yi karo a ƙofa mai ƙunci kowa yana neman wucewa. Masana ilimin ƙasa suna da suna na musamman ga irin wannan baki. Da Hausa za a iya kiran sa gaɓar gogayya. Gogayyar ta bar dogayen tabbai a ƙasan teku, suna miƙe daga gabas zuwa yamma. Mafi shahara shi ne na Romanche, wanda ya gocar da jerin duwatsun tsakiyar Atilantika da kusan kilomita 900, kuma zurfin ruwa a cikin kwarinsa ya haura mita 7,000. Ƙarshensa na gabas yana zuwa ne ya jingina da gaɓar Ghana. A arewa da shi akwai na Saint Paul, a kudu kuma na Chain, wanda ya nufi mashigin Neja a Najeriya.

Shi ya sa ƙasan tekun Ghana yake da siffar da yake da ita. Daga baki akwai dandamali mai ruwa marar zurfi, inda kwale-kwalen masunta ke kai-komo. Ya fi faɗi a wajen Takoradi da Cape Coast, ya tsuke a gabas. A ƙarshensa ƙasa takan faɗa da gangara mai tsanani zuwa zurfin dubban mita. A farkon 1995 jirgin bincike JOIDES Resolution ya zo wannan wuri ya haƙa ramuka a tudun da ke binne a bakin gangarar, domin masana na ɗaukar gaɓar Ghana da Kwaddibuwa a matsayin ɗaya daga cikin misalan da suka fi fitowa fili a duniya. Abin lura ne cewa ɗalibai a jami'o'in Faransa da Amurka suna karanta wannan gaɓa a matsayin babban misali, alhali yaron da ya mallake ta yana tsallake shafin.

Tsagogin da suka fi kusa da rayuwar mutane biyu ne. Ta farko tana bin bakin teku daga cikin ruwa, 'yan kilomita kaɗan daga Accra, kuma ana kiran ta tsagar iyakar gaɓa. Ta biyu tarin tsagogi ne da ke bin tsaunukan Akwapim daga arewa maso gabas, su gangaro zuwa teku a yammacin birnin. Inda suka haɗu, wajen Weija da tudun McCarthy da Nyanyano, nan ne mafi yawan motsin ƙasar Ghana yake fitowa. Ɓangaren Romanche da ke kusa da Afirka tsohon tabo ne, domin zamewar yau da kullum tana can tsakiyar teku. Amma tsohuwar karaya wuri ne mai rauni, kuma masana da dama suna ganin matsin da ke ratsa faifan Afirka yana samun mafita ta waɗannan tsofaffin tsagogi.

Tarihi ya tabbatar da cewa ba barci suke ba. A 1636 girgiza ta rufta da ramin haƙar zinariya a yankin Axim. A Yulin 1862 wata ta rusa gine-ginen dutse a Accra, ta lalata ganuwar Christiansborg. An sake jin wata mai ƙarfi a 1906. Sannan da maraicen 22 ga Yuni, 1939, wadda ta kai kusan maki 6.5 ta taso daga ƙarƙashin teku a kudu da birnin, ta kashe mutum 17, ta jikkata 133. N. R. Junner, shugaban ma'aikatar binciken ƙasa ta lokacin, ya wallafa rahoto a kanta a 1941, kuma abin da ya fito daga binciken yana nan da amfaninsa: ɓarna ta fi muni a unguwannin da aka gina a kan yashi da laka marasa ƙwari, ta yi sauƙi inda gini ya zauna a kan dutse. Tun daga nan ƙananan motsi ba su yanke ba. An ji su sau uku a farkon 1997, an ji a Disambar 2018, an ji a Yunin 2020.

Mutum 17 adadi ne da ke iya sanya mai karatu ya saki jiki. Sai dai a 1939 mazauna Accra ba su kai dubu 100 ba, kuma yawancin gidaje ƙasa-ƙasa ne. Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Accra da kewayenta yana ɗauke da mutum fiye da miliyan 5. Girgizar da ta hallaka dubban mutane a Agadir ta Maroko a 1960 ba ta kai ƙarfin ta 1939 ba. Wadda ta afka wa arewa maso yammacin Gini a Disambar 1983, a yankin da ba wanda ke lissafa shi cikin masu haɗari, ta kashe ɗaruruwa. Ƙarfin motsi rabin labari ne. Sauran rabin yana ga irin ƙasar da aka yi gini a kai da irin ginin da aka ɗora mata.

A nan ne zancen ya iso Jisonayili. Da wuya a sami gida a Tamale da ba shi da wani nasa a kudu: 'yar da ke dakon kaya a kasuwannin Accra, ɗan da ke sayar da doya ko albasa, ƙanen da ke aikin gwamnati, kawun da ya shekara talatin a Nima ko Maamobi ko Sabon Zango. Sunayen wuraren ma suna ba da shaida. Old Fadama, inda dubban 'yan arewa ke kwana a gefen tafkin Korle, sunanta daga fadama yake, kuma duk manomi ya san abin da fadama take nufi: ƙasa mai laushi, cike da ruwa. Irin wannan ƙasa tana ninka motsin girgiza, wani lokaci ma takan koma kamar kunu har abin da ke kanta ya nutse. Kasoa kuwa daga kasuwa sunanta ya fito, tun zamanin da fataken arewa suka mai da ita zango. Yau tana cikin garuruwan da suka fi saurin girma a ƙasar, kuma tana maƙwabtaka da Nyanyano, wato dab da mahaɗar tsagogin. Can ne ɗan arewa da ya tara 'yan kuɗi yake sayen fili mai sauƙin farashi, ya aza bulo a hankali, ya ƙara bene duk lokacin da hannu ya buɗe.

Ɗakin katako da kwano a Old Fadama, duk da talaucinsa, bai kai benen bulo marar isasshen rodi haɗarin danne mutum ba. Abin tsoronsa gobara ce da rashin hanyar fita. Mai rufin asirin da ya gina hawa uku da siminti kaɗan da yashi mai yawa, ba tare da injiniya ya duba ƙasa ba, shi ne ya fi shiga tarko. Ghana ta riga ta ga irin wannan ba tare da wata girgiza ba: a Nuwambar 2012 wani katafaren kanti ya rufta a Achimota ya kashe mutum 14. Ƙasar ta fitar da kundin ƙa'idojin gini a 2018, wanda ya tanadi yadda za a yi gini mai jure motsin ƙasa. Amma kundi ba ya ɗaure rodi. Mai ɗaurawa shi ne magini, mai biya kuma shi ne mai gida, kuma idan su biyun ba su san dalilin ƙara ƙarfe a ginshiƙi da mahaɗarsa da rufi ba, za su ɗauke shi almubazzaranci su rage.

Akwai masu cewa arewa tana da damuwar da ta fi wannan kusa: ƙarancin ruwan famfo a Tamale, ambaliyar da ke biyo bayan buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, rashin aikin yi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke neman a ɗauke kuɗin rijiya a sayi na'urar auna girgiza. Abin da ake nema ba ya cin kuɗi mai yawa: darasi ɗaya da aka fahimta. Wasu kuma za su ce girgizar ƙasa ikon Allah ce, ba a tare ta. Haka ne, ba a tare ta, kuma babu masanin da ya iya faɗin ranarta. Ruwan sama ma ikon Allah ne, amma ba wanda ke barin rufin ɗakinsa a yaye saboda tawakkali.

Rashin sanin cewa ba a iya faɗin ranar girgiza ya taɓa fitar da ƙasa guda waje cikin dare. A Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan bala'in Haiti, jita-jita ta bazu ta wayar hannu cewa girgiza na tafe, mutane a sassan Ghana suka bar ɗakunansu suka kwana a fili har gari ya waye. Ba abin da ya faru. Illar irin wannan dare ita ce, wanda aka tasa a banza sau ɗaya yakan toshe kunne ga gargaɗin gaskiya. Jita-jitar ta yi tafiya da harsunan gida, bayanin hukuma ya biyo baya da Turanci. A Jisonayili harshen gida Dagbani ne, kuma ya cancanci nasa bayanin. Hausa kuwa ita ce ke bin hanya tun daga kasuwar Aboabo har zuwa zangunan Kumasi da Accra, birnin da tsofaffin fatake ke kira Ankara. Bayanin da aka rubuta da ita zai isa inda takardar hukuma ba ta zuwa.

Ƙasan tekun yana taɓa arewa ta wasu fuskoki ma. Gogayyar da ta bar tsagogi ita ce ta samar da kwaruruwan da laka da yashi suka cike, inda aka gano man Jubilee a 2007 aka fara haƙo shi a Disambar 2010, kuma kuɗinsa yana shiga kasafin da makarantun Tamale ke jira. A 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka katse a wajen Kwaddibuwa, sadarwa ta gurgunce a Ghana da maƙwabtanta, kuma kamfanin MainOne ya ce binciken farko ya nuna motsi ne a ƙasan tekun. Neman mai ya sa an zana taswirar tsagogin gaɓar dalla-dalla. Wannan ilimi yana hannun hukumomin mai da Hukumar Binciken Ƙasa ta Ghana, wadda asalinta ya koma 1913. Ba daidai ba ne ya tsaya a ofisoshin Accra, alhali Jami'ar Nazarin Ci Gaba, UDS, tana Tamale tun 1992 da ɗaliban da za su iya mai da shi darasi.

Malamin da ke neman mashigar darasin ba sai ya je nesa ba, domin Jisonayili kanta a kan tsohon ƙasan ruwa take zaune. Duwatsun da ke ƙarƙashin Tamale na kwarin Volta ne, wanda ya rufe kusan kashi 40 cikin 100 na Ghana: dutsen yashi da dutsen laka, shimfiɗe hawa-hawa, waɗanda akasarinsu suka kwanta a cikin teku shekaru fiye da miliyan 500 da suka wuce. Dutsen laka ba ya riƙe ruwa da yawa, shi ya sa ake haƙa rijiyar burtsatse a Tamale a tashi a banza, ko ruwan ya fito da gishiri-gishiri, har birnin ya dogara da ruwan Farar Volta da ake tacewa a Dalun. Ɗalibin da aka nuna wa ɓarɓashin da injin haƙa ya tofo a bayan makarantarsu, aka ce masa tsohuwar laka ce ta daskare, zai iya ɗaukar sauran bayanin: yadda laka ke taruwa a gaɓar Accra a yau, yadda dutsen da ke ƙarƙashinta ya karye, da tambayar da ya kamata yayansa ya yi wa magini a Kasoa kafin a zuba harsashi, wato ko an haƙa an kai ga ƙasa mai ƙwari, da kuma rodi nawa za a sa a kowane ginshiƙi.