Gyaran Difaranshal: Kunne Kaɗai Ba Ya Isa

Duk wanda ya taɓa shiga a-kori-kura daga Kausani zuwa kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya san wani kuka da kan taso daga ƙarƙashin bayan mota. Sau da yawa wannan kukan difaranshal ne, wato kaskon ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya a motoci irin su Peugeot 504 da Toyota Hilux.

Mene ne aikinsa? Idan mota ta sha kwana, tayar waje kan yi tafiyar da ta fi ta tayar ciki. Ɗalibi na iya gwadawa da lissafi: in tazarar tayoyin mita 1.5 ce, motar kuma ta juyo baya gaba ɗaya, tayar waje za ta ɗara 'yar'uwarta da kimanin mita 4.7. Difaranshal ne ke karɓar ƙarfin inji daga farfela, ya raba wa tayoyin biyu, ya kuma bar kowace ta juya gwargwadon tafiyarta.

Ra'ayina shi ne, gyaran wannan na'ura aikin awo ne, ba na kintace ba. Haƙoran babbar giya da na ƙaramar da ke juya ta ana gyara su tare tun daga masana'anta, saboda haka tare ake canza su. Ratar da ke tsakaninsu ba ta cika wuce milimita 0.2 ba, wato kaurin gashi biyu ko uku, kuma da agogon awo ake gane ta. Sannan a shafa wa haƙoran launi, a juya, a duba inda suke haɗuwa. Boris ma yana da iyakar ɗauri: in ya matse sai ya ƙone, in ya saki sai haƙoran su goce.

Sai batun mai. Kamar yadda ruwan gaɓa ke hana ƙasusuwan gwiwa gugar juna, haka man giya mai kauri, irin lamba 90, ke kare haƙoran nan. Wanda ya zuba baƙin man inji don arha, ya sayi tsada. Tsohon man kuwa kada a tuttular da shi a kwata, domin ruwan sama zai kai shi kogin Wudil, ya shimfiɗu a saman ruwa, ya cutar da kifi.

Wani zai ce makanikanmu sun daɗe suna gyara da kunne, kuma kayan awo da tsada. Gaskiya ne, gwanintarsu ba abar rainawa ba ce. Amma kunne ba ya jin ɓarna sai ta auku, kuma difaranshal ɗin da ya cije a kan titin Kano zuwa Maiduguri yana iya kifar da mota da fasinjojinta.

Don haka ya kamata Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, ta riƙa shirya wa makanikan yankin gajeren horo kan awo. Malaman sakandare kuma su nemo tsohon difaranshal daga gareji, su buɗe shi a gaban ɗalibai. Gani ya kori ji.