Ka Bar wa Gasaya Kusurwa Ɗaya a Gidanka

Mai karatu, kafin ka kira magini ya daɓe tsakar gidanka da siminti daga bango zuwa bango, ina roƙonka ka ware kusurwa ɗaya ka bar ta da ƙasarta. Gasaya nake nema wa wannan wuri.

Wataƙila yaranka ba su san ta ba. Ganye ce da ke fitowa da kanta da damina, a bayan gida da gefen turken dabbobi, mai 'yan ganye biyar a haɗe kamar yatsun hannu, da farin fure. Kakanninmu ba su shuka ta ba, tsinka kawai suke yi su dafa, su kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Yanzu maganin feshi na kashe ciyawa ya rage ta a gonaki, siminti ya kore ta daga gidaje, wadda ta saura a cikin gari kuwa mafi yawa tana bakin kwata da kan bola. Wannan ta ƙarshe ban yarda ka kai ta bakin iyalinka ba, domin tsiro yana zuƙar abin da ke cikin ƙasar da ya tsaya a kai, kuma ba kowace dauɗa wanki ke fitarwa ba.

Abin takaici, ganyen da muke raina wa da sunan abincin yunwa yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da kalsiyam, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. A ƙasar da ƙarancin jini ya addabi mata masu ciki da ƙananan yara, wannan ba abin wasa ba ne. A Kenya nomanta ake yi, ana kai wa kasuwannin birni.

Hidimarta kaɗan ce. Ka zaɓi inda rana ke bugawa sosai, ruwa ba ya kwanciya, ka zuba ruɓaɓɓen taki, ka watsa iri da farkon damina ba tare da binne shi da zurfi ba. Irin bara ya fi sabo tsirowa. Cikin mako 4 zuwa 6 za ka fara tsinka, kuma yawan cire kan yana sa ta ƙara rassa. Ka bar guda biyu ko uku su yi 'ya'ya su zubar. Baɗi ba sai ka shuka ba.

Masu ƙorafin ɗaci suna da gaskiya. Amma kada a yi ta tafasa ta ana zubar da ruwa har sau uku, domin amfanin yana bin ruwan. Tafasa ɗaya gajeriya ta isa, gyaɗa za ta danne sauran. A matsa lemon tsami a kai, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen, a kuma jinkirta shayi, domin shi hanawa yake yi. Mai ciki kuma ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a wurin awo, gasaya ba za ta maye gurbinsu ba.