Gorin Asali A Bakin Titi, Jahiliyya Ce

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata mummunar ɗabi'a ta yi ƙamari a titunan birnin Katsina, mimbarorinmu kuwa sun yi gum da baki a kanta. A kwanakin baya, a unguwar Kambarawa, wani dattijo Bafulatani ya tsaya tambayar hanyar asibiti, da sandarsa da malfarsa. Wani matashi da bai taɓa ganinsa ba ya sha gabansa, ya kira shi ɓarawon shanu, ya ce ya faɗi inda ya ɓoye bindigarsa. Yara suka taru suna ihu. Ba don wasu dattawa da suka fito daga masallaci ba, Allah kaɗai Ya san yadda za ta ƙare.

Za a ce da mu: shin ba ku ga ta'asar 'yan bindiga a Batsari da Jibiya da Safana ba? Kun manta ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a watan Disamba 2020? Ba mu manta ba, kuma muna roƙon Allah Ya tona asirin azzalumai. Amma a wane littafin fiƙihu aka ce kamannin fuska hujja ce? Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani, kuma Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabobi da mummunan zato. Wanda ya tare baƙo da irin wannan magana ya haɗa ukun a numfashi guda.

Abin mamaki, mu ne muka zubar da hawaye a watan Maris 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano domin yin Salla. Ba alƙali, ba shaida. Wasu suka yi ihun masu garkuwa da mutane, jama'a suka yanke hukunci. Ihun nan shi ne dai wanda aka yi a Kambarawa, harshe ne kawai ya bambanta.

Sa'annan wa ke gorin baƙunci a Katsina? Sunan Kambarawa kansa daga Kambarin Barebari yake, fatake masu asali daga Barno. Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, asalinsa Barno ne, ga unguwar Masanawa nan. Shehu Magili daga Tilimsan ya zo. Gidan sarautar garin, tun daga Sarki Muhammadu Dikko a 1906, na Fulani Sulluɓawa ne. Matashin da ya zagi dattijon nan, da zai zauna da kakarsa rabin sa'a, da wuya bai ji sunan wata ruga ko wani gari na nesa a cikin jininsa ba.

Imam Buhari ya ruwaito cewa Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shaida masa cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Wannan fa sahabi ne daga magabatan farko. To ina ga wanda ko farillan alwala bai gama sani ba?

Muna kira ga limaman Juma'a da malaman Islamiyya su ɗauki wannan mas'ala a huɗuba da darasi, su ambaci kalmomin zagin da sunayensu, har da "Buzu" da "Nyamiri" idan an faɗe su da nufin wulaƙanci. Wanda yake da zargi na gaskiya a kan wani, ga mai unguwa, ga ofishin 'yan sanda. Wanda kuwa aka tare baƙo a ƙofar gidansa, ya fito ya tsaya kusa da baƙon har taron ya watse.