Kafin mu ƙara sayen maganin feshi, mu leƙa gonakin Maraɗi

Duk manomin gero a Babura, Roni, Gwiwa ko Kazaure ya san tsutsar nan da ke bin zangarniya tana cinye ƙwaya tun tana ɗanya, wadda maƙwabtanmu na Nijar ke kira murzuna. Amsarmu ɗaya ce kullum: a ɗauko famfo a yi feshi. Lokaci ya yi da za mu sake tunani.

Tun daga 2006, masu bincike na cibiyar INRAN da ke Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suke yaƙar wannan tsutsa da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macen tana harbin tsutsar ta shanye mata jiki, ta saka ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana zuba gero a ƙaramin buhun algarara, a sa tsutsar hatsi da matan zanzaron, a rataya a gona lokacin da gero ya fara fitar da kai. Sabbin da suka fito su bazu cikin gonakin ƙauye.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. Da irinta cibiyar IITA ta Ibadan ta ceto rogon Afirka daga ƙwaro a shekarun 1980. Feshin barkatai kuwa mun ga ƙarshensa: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar guba.

Gaskiya ne, hanyar tana da sharuɗɗa. Yawan zanzaron yana raguwa sosai da rani, don haka sai an sake sakinsa kowace damina. Idan maƙwabci ya yi feshi, ya kashe shi tare da tsutsar. Aikin gayya ne, ba na mutum ɗaya ba.

Saboda haka ya kamata hukumar JARDA ta tura malaman gona Maraɗi su koyo kiwonsa, ta fara gwaji a 'yan ƙauyukan Babura da ke kan iyaka, ta kuma jawo masu unguwanni da dagatai su tsara lokacin saki. Ƙasarmu ɗaya da tasu, geronmu ɗaya, tsutsar ma ɗaya ce. In maganin yana maƙwabta, jinkirin namu ne.