Rufin Asiri Ko Rufa-Ido?

A shekarar 2019 aka fara nuna wasan talabijin mai suna Flack, inda Anna Paquin ta fito a matsayin Robyn, Ba'amurkiya mai aiki a Landan. Sana'arta ita ce idan wani shahararre ya tafka abin kunya, ta tsara ƙaryar da za a miƙa wa 'yan jarida.

Wani zai ce ai rufin asiri ne. Ba mu yarda ba. Mai suturta ɗan'uwansa yakan kame bakinsa, ya yi masa nasiha a keɓe domin ya tuba. Ita kuwa suna take wankewa, ta bar mai sunan cikin dauɗarsa. Wasan da kansa ya nuna ƙaryar ta bi ta har gida. Allah ya kiyashe mu.