Kafin Ka Zagi Ɗan Aike, Duba Saƙon da Ka Ba Shi

Mai karatu, ka tuna lokacin da ake aikenmu kasuwa muna yara? Inna ta miƙo kuɗi ta ce, "Je ka sayo mai." Ka dawo da man gyaɗa, ashe manja take nufi. Kai ne za ka sha dundu, alhali bakin da ya ba da saƙon ne ya gaza. To wallahi abin da nake gani ke nan kullum a wurin aikina a nan Manchester. Sai dai yanzu ɗan aiken na'ura ce, masu dundun kuwa injiniyoyi ne masu albashi mai tsoka.

Bari in warware maka. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Claude sun wuce hira kawai, yanzu ana aikensu: su duba saƙonni, su nemi tikitin jirgi, su biya kuɗi. A watan Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe hanyar da manhajarsa za ta riƙa kiran wasu manhajoji su yi mata aiki. A Nuwamban 2024 kuma Anthropic ya fitar da tsarin MCP, wanda OpenAI ma ya runguma a Maris ɗin 2025. A wannan tsari, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da ɗan rubutun bayanin abin da yake yi, da jerin abubuwan da yake buƙata a ba shi. Ɗan aiken ba ya ganin cikin injin. Wannan ɗan rubutun yake karantawa ya yanke hukunci. Shi ke nan fa.

Kwanaki muna gwaji a ofis, wani abokin aikina ya rubuta bayanin kayan aikin biyan kuɗi da kalma uku rak, ma'anarsu "yana kula da biya". Aka ce wa na'ura ta tura naira 20,000. Ta rubuta 20000 ta aika. Abin da ya isa naira 200 ne, domin injin da kwabo yake lissafi. Wannan ba baƙon abu ba ne: Paystack da kwabo yake karɓar adadi, Stripe ma da mafi ƙanƙantar sulallan kowace ƙasa. Allah Ya sa gwaji ne. Amma ka san me aka ce a taro? Wai na'urar ce ba ta da wayo. Haba jama'a! In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake auna ingancin waɗannan bayanai. Sai a duba tsawon rubutu, a duba ko Turancin ya tsaru, wani lokaci ma a ba wata na'urar ta ba shi maki, kowa ya tafa. Wannan kyan ɗan maciji ne. Na ga bayani mai layi goma, Turanci kamar na jarida, bai faɗi ko kwanan wata 03/04 na nufin 3 ga Afrilu irin na Ingila ko 4 ga Maris irin na Amurka ba. Kai da ke da ƙani a Houston da yaya a London, ka san tikitin zuwa gida da aka yanka a ranar da ba ita ba asarar nawa ce.

Ni ma'aunina tambaya huɗu ce. Ya faɗi lokacin da za a ɗauki kayan aikin, da lokacin da za a bar shi a ɗauki wani mai kama da shi? Ya fayyace ma'auni, naira ko kwabo, agogon wace ƙasa? Ya faɗi ko abin da zai yi yana gyaruwa, ko kuwa in an goge an goge ke nan? Sannan in aiki ya ci tura, yana dawo da bayanin da ɗan aike zai gane kuskurensa? Bayan haka sai gwaji: ka aiki na'urar sau da yawa da irin maganar mutane ta yau da kullum, ka ƙirga sau nawa ta dawo da manja. Gani ya kori ji.

Za su ce maka dogon bayani yana cinye gurbin da na'ura ke riƙe magana a ciki, yana ƙara tsada. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma kalmar "kwabo" guda ɗaya nawa za ta ci? Ai ba surutu na ce a yi ba. Za su kuma ce na'urorin bana sun yi wayo, za su gane da kansu. To, yaro mai wayo shi ne ya fi iya cika giɓi da zato, ya dawo yana murmushi da abin da ba a aike shi ba.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa mugu na iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, na'ura ta karanta ta bi, ta kwashi sirrin mai ita ta miƙa, shi kuwa bai ga komai a allonsa ba. Ka ga ke nan bayani mai santsi na iya zama guba, kuma mai ba da makin Turanci ba zai ji warinsa ba.

Saboda haka ƙanena ko ƙanwata da ke koyon wannan sana'a a Accra, Jidda ko Birmingham, kada ka bar rubutun bayani sai ƙarfe biyar na yammar Juma'a. Ka rubuta shi kamar kana aiken baƙon da yau ya sauka a gari. Kai kuma Alhaji, ranar da aka ce ka bar na'ura ta riƙa tura wa Hajiya kuɗin cefane, ka nace sai ta nuna maka adadi da sunan mai karɓa ka amince tukuna. In aka yi kuskure, ba injiniyan za a kira daga gida ba, kai za a kira.