TAKARDAR LAUYA BA TA MAYAR DA ƊAN WANI NAKA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa Musulmi, wata fitina na shigo mana sannu a hankali ta hannun wasu 'yan bokonmu mazauna Abuja da Legas, ita ce wadda suke kira ɗaukar ɗa ta hanyar doka. Mutum ne Allah (T) ya jarrabe shi da rashin haihuwa, maimakon ya riƙi ɗan ƙaninsa ko wani maraya kamar yadda iyayenmu suka saba, sai ya nufi ofishin lauya a rubuta masa cewa ɗan wani ya zama nasa. Idan ka yi magana a ce ai tausayi ne, kai ne ba ka waye ba.

To bari mu duba abin da lauyan ke yi. Dokar haƙƙin yara da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2003, wadda ke aiki a Abuja kai tsaye, ta ce mai nema ya kai shekara 25, kuma ya girmi yaron da shekara 21. Ya sanar da jami'in walwalar jama'a wata 12 kafin hukunci, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata uku a jere. Lauya ya shigar da takardu, alƙali ya sa hannu, a rubuta sunan yaro a rijista. Daga ranar nan haƙƙin iyayen da suka haife shi ya faɗi, a wajen doka ya zama kamar ɗan cikin wanda ya ɗauke shi, har ya ci gadonsa. Ba a nan aka tsaya ba. Dokar ta haramta aure tsakanin yaron da 'ya'yan gidan, har da ɗauri ga wanda ya yi.

Shin wa ya ba alƙali ikon yanke nasaba? Wa ya ba majalisa ikon haramta auren da Allah ya halatta?

Wannan ai ba sabon abu ba ne, shi ne tabannin jahiliyya aka sa wa kwat da hatimi. Manzon Allah (S) da kansa ya riƙi Zaidu ɗan Harisa tun a Makka, har mutane suna jingina shi gare shi. Da aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzab suka sauka, aka umarci a kira kowane ɗa da sunan ubansa, wanda kuma ba a san ubansa ba a ɗauke shi ɗan'uwa a addini. Nan take Zaidu ya koma sunan mahaifinsa. Sannan Allah ya aurar wa Manzonsa da Zainab 'yar Jahshi bayan Zaidu ya rabu da ita, don kada a bar ko ɓurɓushin wannan al'ada. In har fiyayyen halitta bai riƙe wannan suna ga wanda yake tsananin so ba, wane ne wani Alhaji da takardar kotu a aljihu?

A yi tunanin gidan nan bayan shekara 20. Yarinya ta balaga tana zama ba lulluɓi gaban namijin da ba muharraminta ba. Mai gida ya rasu, 'yan'uwansa da Allah ya yanka wa rabo sun zo, an nuna musu takarda an ce su koma. Can kuma wata rana yaron ya nemi auren wata, ba wanda ya san ko ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, tunda an binne asalinsa a cikin fayil.

Kuma duk inda aka ce ana iya mallakar ɗa da takarda, to kasuwa ta buɗe. Ba mu manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a Onica ta jihar Anambara, an canza musu suna, an canza musu addini. A 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104. Za a ce wannan sata ce, ba ta bi ta kotu ba. Gaskiya ne. Amma ɓarawo ba ya sata sai ya san akwai mai saye, mai sayen kuwa abin da yake so shi ne a kira ɗan wani da sunansa. Kada ma wani ya ce aikin waɗansu ne can. A 2014 a Yamai an kama matan manyan mutane, masu sallah irin tamu, bisa zargin sayo jarirai daga kudancin Nijeriya suna cewa su suka haifa. A Chadi kuwa, a 2007, wasu Faransawa masu da'awar agaji aka tare a Abeche za su fice da yara 103 a jirgi, wai marayun Darfur ne, ashe mafi yawansu da iyayensu a raye. An yanke musu shekara takwas, aka mayar da su Faransa, cikin 'yan watanni Idris Debi ya yi musu afuwa. Haka jinin talaka yake a wajen azzalumai.

Sai dai fa 'yan'uwa, zagin lauya ba ya ciyar da maraya. Mu nan Kafinsoli da Kankiya da Kusada ba mu da kuɗin lauya, amma muna da irin namu tabannin na araha. Kawu ya riƙi yaro, ranar sa shi firamare ko yankar katin ɗan ƙasa sai ya ba da sunansa a gurbin uba, wai don sauƙi. Da aka tashi gyara sai a je kotu a yi rantsuwar ƙarya. Hukuncin ɗaya ne. Wani kuma ya bar wa yaron sunan ubansa daidai, amma shi ne mai kiwo, shi ne mai ɗebo ruwa, 'ya'yan gida na makaranta, gonar da uban ya bari kuwa an haɗe ta. Wannan ya kiyaye suna ya ci amana. Ga marayun da 'yan bindiga suka bari a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara suna yawo da roba a tashoshi, masu kuɗinmu na zarya Umara kowace shekara. Idan wani ya zo da mota ya ce zai riƙe su, da wane baki za mu hana?

Musulunci bai toshe ƙofar riƙo ba, ya ma yi alkawarin makwabtaka da Manzo (S) a Aljanna ga mai riƙon maraya. Ka ɗauke shi, ka ciyar, ka tufatar, ka ilmantar, ka aurar, amma da sunan ubansa. Kana tsoron ya tagayyara bayanka? Ka mallaka masa gona ko gida tun kana raye, ko ka yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba. In jariri ne, shayarwa cikin shekara biyun farko na sa ya zama muharrami, bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana. Tsintacce kuwa ɗaukarsa farali ne a kan al'umma, in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi.

In ma za a nemi lauya, to ga aikinsa: ya rubuta sunan mahaifin yaro, da iyakar gonarsa, da adadin dabbobinsa, da shaidu biyu, a ajiye har ya yi hankali a miƙa masa. Muna kira ga limaman Juma'a na Kankiya da Kusada da su sa kowace unguwa ta ƙirga marayunta kafin azumi mai zuwa, a san wa ke riƙe da wa, da sunan wa aka rubuta shi a makaranta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.